Yadda Ake Neman Haƙoran Megalodon, a Gane na Gaske, a Adana Shi

Kifin shak ba shi da ƙashi irin na sauran kifaye. Gangar jikinsa guringuntsi ce, guringuntsi kuwa ruɓewa yake yi, shi ya sa idan shak ya mutu kusan babu abin da ke saura sai haƙora. Su kuma haƙoran ba sa ƙarewa. Layi-layi suke a baki, na gaba ya faɗi, na baya ya matso ya maye gurbinsa, haka har ƙarshen rayuwa, ta yadda kifi ɗaya kan zubar da dubbai. Wanda ya faɗa cikin laka, lakar ta binne shi da wuri, ma'adinan ƙasa sukan ratsa shi sannu a hankali har ya yi nauyi, ya sauya launi, ya koma kamar dutse. Irin wannan haƙorin ake nema.

Babban kifayen shak duka shi ne megalodon, wanda masana ke kira Otodus megalodon. Ya rayu daga kimanin shekaru miliyan 23 da suka wuce zuwa miliyan 3.6. Ana ƙiyasta tsawon manyansu da mita 15 zuwa 20, wasu sababbin lissafi ma sun kai shi 24. Haƙorinsa mafi girma ya ɗan haura inci 7, wato santimita 18, ya cika tafin hannun babban mutum har ya yi saura. Mutanen Turai sun daɗe suna tsintar waɗannan haƙora suna kiran su harsunan dutse, sai a 1667 da wani masani ɗan Denmark, Nicolas Steno, ya wallafa abin da ya gani bayan ya feɗe kan wani ƙaton shak, ya nuna cewa haƙora ne.

Fara da sanin shekarun ƙasar

Kafin shebur, kafin rariya, kafin kuɗin mota, abin da za ka fara nema shi ne amsar tambaya biyu: ƙasar da za ka je ta taɓa zama ƙarƙashin teku? A wane zamani? Megalodon ba ya fitowa sai a shimfiɗar teku ta zamanin da ya rayu, wanda masana ke kira Miyosin da farkon Filiyosin. Duk wata ƙasa da ta girmi wannan zamani, komai yawan haƙoran da ke cikinta, ba nasa ba ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tsakanin kimanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya riƙa ratsa inda Sahara take a yau, ya shafi Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da na Malbaza, wanda ake yin siminti da shi, lakar wancan teku ce. A shimfiɗun Dange da Dukamaje akwai haƙoran shak da na wasu kifaye, da ƙasusuwan kadoji da kunkuru. Wani masani, Errol White, ya yi rubutu a kan kifayen lardin Sakkwato tun 1934, akwai kuma wata dabbar teku da aka sa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. A jihar Tawa, dutsen Igdaman ya ba da haƙoran da wani masani, Henri Cappetta, ya bayyana a 1972. Amma tekun nan ya janye fiye da shekaru miliyan 20 kafin megalodon ya bayyana. Haƙoran Sakkwato da Tawa ƙanana ne, yawancinsu ba su wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, sai dai sun girmi megalodon nesa ba kusa ba, kuma binciken da aka yi a kansu bai kai na Amurka da Turai ba, don haka kowane ɗaya da aka san inda ya fito yana da daraja a wurin masana. Wanda ya kawo maka haƙori mai inci 5 ya ce a Wurno aka tono shi, ko dai ya yi kuskure ko yana son ya yaudare ka.

Wuraren megalodon na gaske sanannu ne. A Amurka akwai gaɓar Calvert Cliffs a jihar Maryland, mai tsawon kusan kilomita 40 a bakin mashigin Chesapeake. Da garin Aurora a Karolina ta Arewa. Da kogin Cooper da kewayen Summerville a Karolina ta Kudu. Da kogin Peace da bakin tekun Venice a Florida. Da Sharktooth Hill kusa da Bakersfield a Kalifoniya. A wajen Amurka akwai Antwerp a Beljiyam, da hamadar Ocucaje a Peru, da Bahía Inglesa a Chile, da yammacin tsibirin Java a Indonesiya. Kakannin megalodon kuwa ana samun su a Afirka: ramukan fosfet, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, na Khouribga a Maroko cike suke da haƙoran ɗaya daga cikinsu, Otodus obliquus, haka ramukan fosfet na Hahotoé da Kpogamé a Togo suna fitar da haƙoran shak na zamanin Iyosin, wanda ya girmi na megalodon.

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma ita ce ke raba tsintuwa da sata. A Florida ana buƙatar takardar izini ta dala 5 a shekara daga gidan tarihi na jihar da ke Gainesville kafin a ɗebi ƙasusuwan dabbobin dā a filin gwamnati, amma an cire haƙoran shak daga wannan sharaɗi. A Karolina ta Kudu sai da lasisi ake ɗauko wani abu daga ƙarƙashin ruwan jihar, kuma da hannu kawai, ba da kayan tono ba. A gandun ƙasa na tarayyar Amurka ba a ɗaukar komai. Peru da Chile sun hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasarsu, saboda haka haƙorin da aka ce sabon tono ne daga can, ka bar shi ko da kyauta ne. Nijar ma tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997. A gida, ka fara da mai gona da mai gari, sannan sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa. Ka kuma tambayi halin tsaro: yawancin wurare masu kyau a gabashin Sakkwato suna cikin yankin da 'yan bindiga suka addaba, kuma babu haƙorin da ya kai ran mutum.

Nema a bakin teku da gindin gaɓa

A nan ido ne kayan aiki. Teku ne ke yi maka tonon: igiyar ruwa tana cin gaɓa, ta zubo laka, ta wanke ta, ta bar abu mai nauyi. Ka duba jadawalin cika da janyewar teku na ranar, ka isa kamar awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, ka riƙa bin sa yana ja baya. Lokaci mafi kyau shi ne washegarin guguwa, da kuma lokacin sanyi, domin iska ta fi ƙarfi, ruwa ya fi janyewa, mutane kuma sun yi ƙaranci.

Kada ka ɓata lokaci a kan lallausan rairayi. Ruwa yana tara abubuwa gwargwadon nauyinsu da girmansu, don haka ka nemi layin da tsakuwa da ɓawon kodi da gutsattsarin ƙashi baƙaƙe suka taru. Inda tsakuwar ƙanana ce, ƙananan haƙora za ka samu. Inda duwatsun suka kai dunƙulen hannu, nan babban haƙori yake kwanciya. Sabon shiga yakan nemi siffar alwatika cikakkiya, sai ya wuce abin da yake nema, saboda galibi kusurwa ɗaya ce ke leƙowa. Ka koya wa idonka abu uku: sheƙin da ya fi na jiƙaƙƙen dutse, miƙaƙƙen gefe mai kaifi, da lanƙwasar saiwa mai kama da bakin gwafa. Ka yi tafiya a hankali rana tana bayanka, ka dawo ta hanya ɗaya, domin haske daga wani ɓangaren yakan nuna abin da ya ɓuya da farko.

Gaɓar Calvert laka ce da rairayi, tana ruftawa ba tare da wata alama ba, musamman bayan ruwan sama ko narkewar ƙanƙara. An hana tona ta, a wasu wuraren ma an rufe gindinta gaba ɗaya. Ka tsaya nesa da ita, ka kuma san hanyar fitarka kafin teku ya dawo, domin akwai lungunan da ruwa ke toshe su ta gaba da ta baya.

Wanda ke tare da yara, ko yake son koyon ido ba tare da haɗari ba, gidan tarihin Aurora yana da tarin ƙasa da ake kawowa daga ma'adinin fosfet na garin, kowa na iya tonawa ya tafi da abin da ya samu.

Rairaya a kogi

Wannan ita ce hanyar kogin Peace, kuma ita ce ta fi ba da yawa. Kana buƙatar shebur mai dogon ƙota, da rariya, da sandar ƙarfe ta bincike, da jakar raga da za ka ɗaura a ƙugu, da takalmi mai rufe yatsu saboda fasassun kwalabe.

Rariyar da hannu ake haɗa ta. A yi firam na katako ko na bututun roba, kamar santimita 45 a kowane gefe, zurfin santimita 8 zuwa 10, a shimfiɗa ragar waya a ƙasa a danne ta da siraran katako don kada bakin wayar ya yanki hannu. Girman idon ragar shi ne ke yanke abin da za ka samu. Mai ido milimita 12 tana saurin zubar da tsakuwa, ita ce ta mai neman manya, amma ƙananan haƙora duk za su wuce. Mai ido milimita 6 ita ce tsaka-tsaki, da ita aka fi aiki. Don haƙoran irin na Sakkwato sai an sauko zuwa milimita 2 ko 3. Da yawa suna ɗora mai faɗin ido a kan mai ƙaramin ido su rairaye sau ɗaya. A ɗaura soso mai iyo ko jarkoki marasa komai a gefen firam ɗin don ya tsaya a kan ruwa, a kuma ɗaure shi da igiya a jiki, in ba haka ba ruwa zai tafi da shi kana tsakiyar ɗiba.

Ana shiga kogin ne lokacin rani, wajen watan Maris zuwa Mayu ya fi kyau, idan ruwa ya sauka zuwa gwiwa ko ƙugu. Masu zuwa yankin Wauchula da Arcadia sukan duba ma'aunin ruwa na Zolfo Springs kafin su bar gida. Ka soka sandar ƙarfen a ƙasan kogin kana tafiya. Idan ta shige sumul, rairayi ne, ka wuce. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, tsakuwa ce, ka tsaya. Tsakuwa takan taru a cikin kwanar kogi, da bayan gungumen da ya faɗi, da cikin ramukan dutsen da ke ƙasa. Ka kwashe rairayin sama, ka yi ƙasa har shebur ya taɓa dutse ko laka mai tauri, domin abu mai nauyi can yake sauka, kuma santimita 10 na ƙarshe sun fi duk abin da ke sama albarka. Shebur biyu ko uku sun isa rariya ɗaya. Idan ka cika ta, tsakuwa za ta rufe haƙori ka zubar da shi da hannunka. Ka girgiza a cikin ruwa har laka ta fita, ka baza da tafin hannu, ka duba sau biyu, sannan ka zubar a bayanka ta inda ruwa ke gangarawa, don kada ka sake ɗibar abin da ka riga ka tace.

Ba a tona bangon kogi, doka ta hana, yana kuma jawo zaizaya. Kogunan Florida suna da kadoji da macizai, ba a shiga da asuba ko da magariba, ba a kuma shiga mutum ɗaya.

Manyan haƙora masu kyau da yawa daga nutso suke fitowa, a kogin Cooper inda ruwan baƙi ne ƙirin ana lalube da tocila, ko a teku daura da Wilmington a zurfin mita 30. Wannan aikin ƙwararrun masu nutso ne da suka yi horo na musamman, kuma an sha rasa rayuka a cikinsa. Ba a fara wannan sha'awa daga nan.

A busasshiyar ƙasa irin tamu damina ce ke yin aikin teku. Bayan ruwan farko masu ƙarfi, a bi kwazazzabai da gindin tuddai inda ruwa ya wanke laka, a duƙa sosai ko a rarrafa. Idan an ga haƙori ɗaya a ƙasa, a bi hanyar ruwan zuwa sama har inda suka daina bayyana; shimfiɗar da ke zubo su tana daidai nan.

Gane abin da ka samu

Haƙori kashi biyu ne: ruwan haƙorin mai sheƙi, da saiwa mai kaushi. Na megalodon yana da alamomi uku da ke tafiya tare. Yana da kauri da faɗi. Gefensa yana da ƙananan tsaga irin na zarto, sirara, masu girma ɗaya tun daga tsini har gindi. Sannan tsakanin ruwa da saiwa akwai wani ɗamara mai duhu, mai siffar kusurwa, wanda masu tarawa ke kira burlet. Ɗamarar tana gefen da ya yi tozo, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan gefen ne ke fuskantar harshe. Gefen da ya yi shafal shi ke kallon waje.

Wanda aka fi rikita shi da shi shi ne farin shak, Carcharodon carcharias. Nasa siriri ne, tsagarsa manya ne marasa daidaito, ba shi da ɗamara, kuma da wuya ya kai inci 3. Na wani danginsa, Carcharodon hastalis, yana da faɗi amma gefensa sumul ne, ba tsaga. Haƙorin da ka ga fari fat, marar nauyi, na shak ɗin zamanin nan ne, kuma cinikin na farin shak tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kayyade cinikin namun daji.

Dangin megalodon ana bin su ne ta ƙananan fiƙoƙi biyu da ke gefen babban tsini. Otodus obliquus, na shekaru miliyan 60 zuwa 45 da suka wuce, yana da fiƙoƙin manya, gefensa ba tsaga, tsawonsa kan kai inci 4. Otodus auriculatus yana da fiƙoƙi da tsaga masu kaushi. Otodus angustidens siriri ne, tsagarsa ta fara daidaita. A Otodus chubutensis fiƙoƙin sun kusa narkewa cikin ruwan haƙorin. A babban megalodon sun ɓace, ko da yake 'ya'yansa kan fito da ɗan alamarsu, abin da ke sa raba ƙaramin megalodon da chubutensis ya yi wuya idan ba a san shimfiɗar da ya fito ba. Jera waɗannan biyar a faranti ɗaya ya fi ƙaton haƙori guda koyarwa, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Masu wuyar samu na gaske su ne haƙorin wani shak mai suna Parotodus benedenii, mai kauri da lanƙwasa da gefe sumul, da haƙoran da suka fito a murɗe ko da tsini biyu saboda rauni a dasashi.

Siffa tana kuma faɗin mazaunin haƙori a baki. Na sama na gaba faffaɗa ne, gefensa biyu daidai. Na ƙasa ya fi siranta da kauri, kamar wuƙa. Na gefe ya karkata, na can ƙurya gajere ne mai faɗin saiwa. Saboda haka ƙaramin haƙori ba lallai na ƙaramin kifi ba ne.

Awo kuwa ƙa'idarsa ɗaya: daga tsini zuwa ƙarshen reshen saiwa mafi tsawo, a karkace, da ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke auna kauri da shi. Inci 3 zuwa 4 ana samu. Inci 5 babban rabo ne. Inci 6 ba kasafai ba, inci 7 kuwa 'yan ƙalilan ne a duniya. Launi ba ya nuna shekaru, ƙasar da ya kwanta a ciki yake nunawa: fosfet kan ba da baƙi da toka, ƙarfe kan ba da ja da ruwan ƙasa.

Wankewa da gyara

A nan aka fi yin ɓarna, garin neman gira a rasa ido. Haƙorin da ya fito daga ruwan gishiri sai an cire masa gishirin, domin idan ya bushe da shi a ciki, gishirin zai daskare a ƙofofin saiwa ya riƙa farfasa ta daga ciki, bayan wata shida ka tarar tana zuba kamar gari. A jiƙa shi a ruwan daɗi, a riƙa sauya ruwan kullum har mako ɗaya zuwa biyu. Sannan a goge da buroshin haƙori mai laushi da ɗan sabulu, a ɗauraye, a shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Rana da iskar hunturu suna busar da waje kafin ciki, sai ruwan haƙorin ya tsage a tsaye.

Idan ƙananan kodi ko farar ƙasa sun manne masa, ruwan khal na girki yana narkar da su. A surka shi rabi da rabi da ruwa, a tsoma na minti 10 zuwa 15, a ciro a goge, a maimaita idan da buƙata. Tsami yana cin saiwa da ɗamara fiye da yadda yake cin ruwan haƙori, don haka ba a barin sa ya kwana a ciki. Bayan an gama a tsoma shi a ruwan da aka zuba cokali ɗaya na bekin soda a lita ɗaya, sannan ya yini a ruwan daɗi. Bilic yana kashe launi yana rarake saiwa. Buroshin waya yana share tsagar gefe, wadda ita ce rabin darajar haƙorin. Mai da fenti mai ƙyalli suna kama ƙura suna rufe abin da masani zai so gani.

Haƙorin da ya fito daga busasshiyar laka, idan ya tsage, kada ruwa ya taɓa shi, domin lakar da ke cikin tsagar za ta kumbura ta raba shi. A cire ƙasar da allura da buroshi a bushe. Idan saiwar tana marmashewa, maganinta wani gam mai ƙwayoyi da ake kira Paraloid B-72, wanda gidajen tarihi ke amfani da shi: giram 5 a cikin mililita 100 na asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, a ƙulle ƙwayoyin a ɗan ƙyalle a rataya cikin kwalba a rufe su kwana su narke. A ɗiga a kan saiwar har ta daina sha. Dole haƙorin ya bushe sarai, in da danshi sai ya yi fari kamar an shafa alli. Don liƙa wanda ya karye, a yi kauri, giram 40 zuwa 50 a mililita 100, a gwada haɗa ɓangarorin a bushe tukuna, a shafa kaɗan, a kafa shi a kwanon rairayi ya kwana. Amfanin wannan gam shi ne asiton yana sake narkar da shi idan an yi kuskure, abin da sufa gulu ba ya yarda da shi cikin sauƙi. Asiton yana kama wuta, a yi aikin a waje, nesa da murhu.

Saye, da dabarun masu ha'inci

Yawancin masu karanta wannan ta saye za su mallaki megalodon, kuma sayen ta intanet cinikin biri a sama ne idan ba a san abin tambaya ba. Farashi yana tsalle a kan kowane cikakken inci, musamman na 6, shi ya sa ake ƙara wa haƙori tsini ko reshen saiwa don ya haye layin. Gyara ba laifi ba ne idan an faɗa. Ɓoye shi ne ha'inci.

Ka nemi hoton gaba da baya da gefe biyu, da hoton haƙorin a cikin ma'auni, da sunan wurin da ya fito, da amsa a rubuce ko an yi masa gyara ko gogewa. Idan ya iso hannunka, ka bi gefensa da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Tsagar gaske kowace tana da ɗan bambanci da lalacewarta. Inda aka cike da roba za ka ga ta dusashe, ko ta yi daidai fiye da kima, ko ta ɓace. Saiwar gaske tana da ƙofofi kamar busasshen ƙashi, ta jabu sumul ce ko kuma rairayi ne da gam. Ka jiƙa auduga da asiton ka goga a wurin da kake zargi: idan launi ya biyo audugar, fenti ne. Tocila mai hasken UV a ɗaki mai duhu takan nuna gam da ciko da wani launi daban, amma akwai fentin da ba ya nunawa, don haka kada ka dogara da ita kaɗai.

Kowane wuri da irin ha'incinsa. Haƙoran Java suna da kyan launi da kaifin tsaga, amma ƙasar can tana cin saiwa, shi ya sa da yawansu saiwar ƙira ce. Na Maroko akan haɗa ruwan wani da saiwar wani, ko a manna fiƙoƙin gefe, ko a dasa haƙorin a dunƙulen rairayi da gam a ce haka aka tono shi. Na kogunan Karolina da ruwa ya cinye akan goge su da inji har su yi ƙyalli kamar madubi; suna da kyau a ido, amma an kankare ainihin fatar haƙorin. Na roba gaba ɗaya ba shi da nauyi, ba shi da sanyin dutse a hannu, yana da ƙananan ramukan kumfa da layin haɗi a gefe, kuma sau da yawa za ka ga mai sayarwa yana da guda goma masu tabo iri ɗaya a wuri ɗaya.

Takarda da ajiya

Haƙorin da ba a san inda ya fito ba ya rasa yawancin amfaninsa ga ilimi, kuma farashinsa ma yana sauka. Tun a fili, kowane wuri da ledarsa, da 'yar takarda a ciki da aka rubuta da fensir, domin biro yana narkewa a danshi. A gida a ba kowane haƙori lamba, a rubuta ta ƙanana a bayan saiwa a kan ɗigon Paraloid, a shigar da ita littafi tare da sunan wuri, lambobin GPS daga waya, kwanan wata, irin ƙasar da shimfiɗar, ko a cikin shimfiɗa aka same shi ko ruwa ne ya kawo shi, da duk abin da aka shafa masa. Na saye a ajiye rasit da bayanin mai sayarwa. Idan ka tarar da haƙora da yawa masu launi ɗaya a wuri ɗaya, ko tare da gaɓoɓin baya masu kama da faifai, kada ka kwashe. Wataƙila na kifi ɗaya ne, irin wannan kuwa ba a cika samu ba. Ka ɗauki hoto da wani abu a gefe don nuna girma, ka rufe, ka sanar da gidan tarihi ko jami'a.

A ajiye kowanne a gurbinsa a kan soso, kada su gogi juna, domin tsini da tsaga su ne ke fara karyewa. A nisanta su da taga. Wasu haƙoran, musamman na baƙar laka, suna ɗauke da wani ma'adini mai ruwan zinariya da ake kira fayirait, wanda danshi ke ruɓar da shi. Alamarsa farin gari ko rawaya a kan saiwa, da wari kamar na ashana. Da zarar ka gani ka ware wannan haƙorin, ka goge garin a bushe, ka sa shi a roba mai murfi da ƙunshin silika irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, don danshin ciki ya tsaya ƙasa da kashi 50 cikin 100. A lokacin damina a duba akwatin duk bayan mako biyu, a sauya silikar, ko a gasa ta a wuta marar ƙarfi ta bushe a mayar.